Hawayen Gimbiya Tsakanin Taurari Biyu

Shafi na 19

Masu turo min saƙo kullum cewa Maman Gimbiya ta cika sanyi, ta tashi ta yi wani abu, to yau ga ta ta tashi. Duk wadda ke miƙa ɗanta ba tambaya don kawai "ai gida ne", ta nemi wuri ta zauna ta karanta wannan shafin a tsanake.

*

Gimbiya ta ƙi sakin mayafin.

"Saki mana uwata. Ɗakin can kawai zan shiga, ga ƙofa a buɗe, kina hango ni."

Yarinyar ta maƙale kafaɗa, ta ƙara naɗe bakin mayafin a hannunta.

Haka take tun makon jiya, tun ranar da ubanta ya ɗauke ta ya ce zai ajiye ta ta yini wurin kakanta. Yarinyar da ke shigewa aji da gudu ko waiwaye babu, yanzu ko banɗaki uwar ta shiga sai ta zauna a bakin ƙofa ta zura yatsunta ta ƙasa. Fitsarin kwancen da ta bari tuntuni ya dawo. An auna zazzaɓi babu, an duba kunne, an duba ciki, lafiya ƙalau. Sai yau da safe, ana ɗaure mata gashi, ta ɗago kai ta ce,

"Mama, in na yi kuka sosai ba za ki ƙara tafiya ba ko?"

"Tafiya ina? Wa ya ce miki na tafi?"

"A wurin fitila mai zafi."

Daga nan ta ja bakinta ta tsuke. Amma uwar ta gane. Wuri ɗaya ne a duk dangi ake kunna fitila mai zafi da rana tsaka, sutudiyon surukinta. Shi ya sa ko kantin maganin da take aiki ba ta leƙa ba, ta saɓo 'yarta suka taho.

Mai yi wa 'yan wasa kwalliya ce ta tare su a ɗakin farko. Tun da suka gaisa matar ke juya burushin hoda a hannu, ta kasa haɗa ido da ita.

"Maman Gimbiya, ni dai fuska aka ce in wanke mata, na wanke. Ki shiga ki gani da idonki. Yau da yamma za su sake shi."

"Su saki me?"

"Ki dai shiga. Bar min ita a nan."

Da ƙyar da lallashi Gimbiya ta saki mayafin. Sai ta durƙusa ta kama ƙafar uwarta tana ja.

"Mene ne kuma?"

"Takalminki. Ba ni in riƙe."

Maman Gimbiya ta tsaya kallonta. Yarinya 'yar shekara huɗu ta zauna ta yi lissafi, ta gano mutum ba ya tafiya ba takalmi.  Ta cire ta ba ta. Gimbiya ta rungume su a ƙirji da ƙurarsu da komai, ta haye kujera, ta kafe idonta a kan ƙofar da ke kallon tasu.

Haka ta tsallaka barandar ƙafa ba takalmi.

Bangon dama duk hotunan surukinta ne. Baba Alƙali. Ya daɗe yana fitowa a alƙali a finafinai har sunan ya bi shi, ko jikokinsa ba su san yana da wani ba. Ga shi da rawani, ga shi da sanda, ga shi a fosta mai rubutun wasu ƙasashe da ba wanda ya iya karantawa a gidan.

Bangon hagu kuwa na ƙaninta ne mawaƙi, autansu, uwa ɗaya uba ɗaya. Duniya na kiransa Walƙiya. Ita kam Auta ta sani, wanda ta goya, ta wanke wa kashi, ta raka makaranta yana kuka. Ga shi a dandamali riga a buɗe, dubban hannaye a sama.

Tun da aka ɗaura aurenta gidajen biyu ke wannan musun, wa ya fi wani suna a duniya. Da wasa aka fara, a bakin tabarma. Sai wani mai gabatar da shiri a rediyo ya jefa tambayar, magoya baya suka ɗauka, aka koma zagin iyaye a waya. Mijinta, wanda ke kula da harkokin mahaifinsa, shi ya kawo shawarar a haɗa su a bidiyon waƙa ɗaya a huta. Har addu'a ta yi masa ranar.

Warin ɗakin ne ya fara tarar ta. Ragowar abincin jiya a robobi, gumi, da turare mai tsada da aka fesa a kai don a rufe. Edita na zaune gaban kwamfuta ya yi tagumi. Baba Alƙali da Auta suna tsaye a kansa, ba wanda ya ji shigowarta.

"Yaro, ni fa tun ubanka bai fara zance wurin mahaifiyarku ba ake tafa min," in ji Baba Alƙali. "Na sauka a ƙasar da ko gaisuwarsu ban iya ba, mai duba fasfo ya ɗago ya gan ni, ya miƙe ya ƙame. Ya kira matarsa a waya murya na rawa."

"Baba, bara da ka ba da labarin nan miƙewa kawai ya yi. Bana har da mata."

"Ka ji rashin kunya ko?"

"Kuma mutumin nan ai ya yi ritaya, in ma yana da rai. Masu saninka duk sai da tabarau yanzu. Ni a ƙasa mai dusar ƙanƙara na shiga shago sayen safa, waƙata ke tashi. Mai shagon yana bi yana kaɗa kai, bai ma san ni ne a gabansa ba."

Baba ya tafa hannu.

"To ka ji! Bai san kai ne ba! Wannan ne suna? Sauro ma ana jin muryarsa ba a san fuskarsa ba. Ni fuskata aka sani."

"Yara a ƙasashen da ban san sunansu ba suna rawa da waƙata."

"Waƙarka ta bara wa ke tuna ta? Ni fim ɗin da na yi gashina yana baƙi har yau ana haska shi."

"Gashinka ai har yau baƙi ne Baba. Sai dai in gumi ya zo."

Edita ya toshe baki. Gaskiya ne kuwa, wani baƙin layi na rini ya gangaro ta bayan kunnen tsohon ya shiga wuyan rigarsa.

Da a wata ranar ce, da ta yi dariya. Yau idonta ya riga ya sauka a kan kwamfutar.

Gimbiya ce. Hoton a tsaye, fuskarta ta cika allon. Baki a wangame, majina har haɓa, jijiyar wuya ta fito. Hannu ɗaya a miƙe tana neman wanda za ta kama. Shekara huɗu tana rainon yarinyar nan, ta ga kukan yunwa, ta ga na allura, ta ga na rigima. Wannan ba ta taɓa ganinsa ba.

Ta durƙusa har ƙasa, don haka ta saba.

"Baba, ina wuni."

Duk suka juyo. Auta ya tsayar da taunar cingam.

"A'a, 'yata! Yaushe a gari? Lafiya babu takalmi?"

"Baba, me aka yi wa Gimbiya?"

A hankali ta yi maganar. Dole ta yi a hankali, don in ta waiwaya tana hango 'yarta a kan kujera ta zuba mata ido.

"Me aka yi mata kuwa? Tauraruwa aka mayar da ita. Mun so sai ya fito ki gani ki sha mamaki, kin riga mu. Kai, kunna mata."

"Kar ka kunna." Ta miƙe. "Tana ji."

Edita ya janye hannunsa.

"Baba, tambaya na yi. Me aka yi mata ta yi wannan kukan?"

Tsohon ya gyara zaman babbar rigarsa. Ta san wannan gyaran, shi yake yi a fim in zai yanke hukunci.

"Zauna in koya miki abin da ba a koyarwa a makaranta. Yaro ba ya iya kukan ƙarya. Babba ya yi, yaro a'a. Kyamara tana ganewa. A zamaninmu wasu mintsini suke yi, wasu su shafa abu a ido. Ni ban taɓa ba. Ki tambayi kowa a sana'ar nan, ban taɓa ɗora hannu a jikin ɗan wani ba. Magana ɗaya ake raɗa wa yaro a kunne, a kunna fitila, shi ke nan."

"Wace magana?"

"Ya danganta da yaron. Abin da ya fi so za ka nema."

"Ita me aka ce mata?"

"Cewa aka yi kin tafi." Ya faɗa kamar mai ba da labarin farashin mai. "Kin tafi kin bar ta, ba za ki dawo ba, sai in ta yi kuka sosai kin jiyo. To dubi abin da ya fito. Dubi idon nan! Manyan 'yan wasan duniya sai su shekara ba su samu irinsa ba. Jinina ne ai."

Ta kau da kai daga allon. 

"Baba, fitsarin kwance take yi."

"Zai wuce. Ni ma haka aka yi min a wasana na farko, aka ce gidanmu ya kama da wuta. Ga ni ban mutu ba."

Ta juya ga ƙaninta.

"Auta."

"Yaya, wallahi..."

"Kana wurin?"

"Ina wurin, amma ki tsaya ki ji. Ni da farko ban so ba, Allah ne shaida. To amma da za ki ji yadda abin ya zauna! A daidai nan muka ɗauke kiɗa gaba ɗaya, kukanta kawai, sai muryata ta shigo da amshi. Yaya, tsigar jikinki sai ta tashi. Wannan ko wanda ba ya jin yarenmu zai ji shi."

"Kukan 'yata ka sa a waƙa."

"Ba haka ba ne..."

"Ina ce kai ne kake shiga ƙarƙashin gado in Inna ta tafi kasuwa? Wa ke shiga ya kwanta tare da kai har ta dawo?"

Ya sunkuyar da kai. Ya zaro cingam ɗin daga bakinsa, ya rasa inda zai sa, ya manna a ƙasan teburin edita. Ta bi hannunsa da kallo. Wannan ne wanda 'yan mata ke suma a kansa.

"Mama!"

Ta waiwaya da sauri, ta shimfiɗa murmushi a fuskarta, ta ɗaga hannu.

"Ga ni nan uwata! Riƙe min da kyau!"

Gimbiya ta ɗaga takalman ta nuna mata, ta koma ta zauna. Murmushin ya zube tun kafin uwar ta gama juyowa.

A nan ne ta lura da ƙananan hotuna biyu a ƙasan allon. A ɗaya Gimbiya ta faɗa jikin kakanta. A ɗayan ta faɗa jikin kawunta. Riga ɗaya, wuri ɗaya. Amma a na biyun idanun sun kumbura sun yi jajir.

"Wannan fa?" ta tambayi edita. "Me ya sa biyu?"

Ya dubi Baba, ya dubi Auta.

"Ni nake tambayarka, ba su ba."

"Hajiya, labarin ai yarinya ce ta ɓace a tasha, tana kuka, sai ta hango nata ta ruga. A rubuce wurin Baba za ta ruga. Sai oga Walƙiya ya ce waƙarsa ce, ba zai tsaya a gefe kamar ɗan rakiya ba, wurinsa za ta zo."

"Ni kuma na ce ban taɓa fitowa a fim wani ya rufe shi ba," in ji Baba. "Ba kuma zan fara da tsufana ba."

"Sai aka ɗauki kashi biyu," edita ya ƙarasa.

"Kashi biyu." Ta maimaita. "A kuka ɗaya?"

Edita ya kau da kai.

"A kuka ɗaya, na ce?"

"A'a Hajiya. Bayan na Baba ta gaji, kukan ya zama na shessheƙa, oga ya ce an ba shi ragowa, shi ma sabo yake so. Sai aka ba ta alawa aka ce kin fasa tafiyar, kina hanya. Aka jira har ta saki jiki ta fara wasa da wayoyin fitila. Aka wanke mata fuska. Sannan aka... aka sake faɗa mata."

Maman Gimbiya ta dafa bango. Wani abu mai maiƙo ya manne mata a tafin hannu, ta janye ta goge a mayafi.

Manya biyu. Ɗaya da furfura a ƙarƙashin rini, ɗaya da gemu. Sun zauna sun jira yarinya ta yi dariya don su sake karya ta, saboda kowa na jin ya fi ƙarfin ya tsaya a gefen hoto. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ta sha ganin ƙazanta a aikinta, gyambo, ruɓaɓɓen haƙori, ba wanda ya taɓa tayar mata da zuciya irin waɗannan fuskokin biyu masu sheƙi.

Amma ba kuka ya kawo ta ba. Ta ja numfashi.

"To na ji. Abin da ya wuce ya wuce, ni zan ji da 'yata. Abu ɗaya na zo nema. A goge."

"A goge me?" suka haɗa baki. Karo na farko ke nan da ta ji sun haɗu a kan magana ɗaya.

"Duk inda fuskarta take, da muryarta. Yanzu, a gabana. Yarinyar nan makaranta take zuwa. Gobe ta shiga mota ta ji kukanta a rediyo, ta wuce shago ta ga kanta a talabijin, duk ranar da ta fara mantawa a tuna mata. In ya fita ba mai iya dawo da shi, kun fi ni sani. Baba, jikarka ce. Don girman Allah."

Tsohon ya shafa gemu. Har ta fara sa rai.

"Kin yi magana ta hankali, 'yata. Na biyun nan dama bai dace ba. Yarinya ta wahala, ido ya kumbura, ni kaina ban so shi ba. Kai, goge na yaron nan."

"Kan uba!" Auta ya zabura. "Yi haƙuri Baba, amma wallahi ba a isa ba. Yaya, ni na yarda a rage. A goge nasa. Nawa ai fuskarta ba ta fito sosai ba, ta kifa a kafaɗata."

"Fuskarka ce ta fito sosai, shi ya sa!"

"To waƙar wa za a saurara? Mutanen da za su buɗe bidiyon nan don ni za su buɗe!"

"Su buɗe don kai, su tsaya don ni. Wata uku a manta da kai!"

"Wata uku nawa ya fi shekara hamsin naka, Baba, ka leƙa waya ka gani!"

Sun ma manta tana wurin. Edita ya mayar da tagumin da ya cire.

"Shi ke nan," ta ce.

Ba su ji ba.

"Na ce shi ke nan." Ta ɗan ɗaga murya, ta waiwaya ta ga Gimbiya na kallon mai kwalliya tana shafa mata jan farce, sannan ta ci gaba. "Gidan rediyon da ya haɗa ku faɗa ai yana nan. Daga nan can na nufa. Zan zauna in faɗa musu yadda Alƙali ke samo hawayen yara, da yadda Walƙiya ya ce a sake masa sabo. Sai duniyar taku ta zaɓi wanda ya fi."

Auta ya yi wuri-wuri da ido.

"Yaya, rufa min asiri. Kin san mutanen waje ba sa wasa da maganar yara. Wallahi sai su soke min komai."

"Au, ka sani ashe."

Baba Alƙali kuwa fuskarsa ta canza. Ya matso, warin rini da turare ya bugi hancinta.

"A wurina ake min barazana? Matar ɗana?"

"Ba barazana ba ce Baba. Uwa ce ni."

"To uwa, in za ki faɗa ki faɗi daidai. Kar ki ɗora min abin da ban yi ba. Dabarar tawa ce, ban musa ba. Amma bakin ba nawa ba ne."

Ta tsaya.

"Ban gane ba."

"Na gwada. Na durƙusa, na sa murya, na faɗa mata. Kin san me ta ce? Ta ja min gemu ta ce, Kaka wasa kake yi, kai ai ɗan wasa ne." Har yanzu da alama abin na ci masa rai. "Ni! Ni da na sa manyan mutane kuka a ƙasashe!"

Ta dubi Auta.

"Ni gwalo ta yi min," ya ce ƙasa-ƙasa.

"To wa ya faɗa mata?"

 Auta ya shiga gyara agogon hannunsa. Baba ya juya yana kallon bango.

"Darakta ne? Mai kyamara? Wane baƙo ne 'yata za ta yarda da shi a kaina?"

"Yaya, ki bar maganar nan. Za a goge. Na yarda, duka a goge, ki je gida."

Saurin yardar tasa ne ya sa ta gane akwai abin da suke ɓoyewa.

Ta juya ga edita.

"Kuna ɗaukar sauti tun kafin a fara, ko?"

"Hajiya..."

"Eh ko a'a?"

"Abin magana na maƙale a rigarta. Komai yana shiga."

"Mayar baya. Ba ni abin kunnenka, ba na so ta ji."

"Kai, kar ka kuskura!" in ji Baba.

Edita ya dubi tsohon, ya dubi fuskar yarinyar da ta cika masa allo tun safe. Ya zare hedifon ɗin daga wuyansa ya miƙa mata. Soson ya jiƙe da gumin wani, ta saka haka nan. Ɗakin ya ɗauke, sai bakunansu kawai take gani suna motsi.

Ya ja hoton baya.

Ga Gimbiya tsaye a tsakiyar fitilu, tana lilo da hannu, tana 'yar waƙarta ta makaranta. Lafiyayyar yarinya. Wani ya shigo ta gefe ya durƙusa, bayansa kawai ake gani, kyamara ta yanke kansa.

Sai muryar ta shigo, a tsakiyar kunnenta, a tausashe.

"Uwata, zo ki ji. Kin san ni ba na miki ƙarya ko?"

"Eh."

"Mama ta tafi."

Ta danna soson a kunnenta.

Muryar da ke tashinta da asuba. Muryar da a makon nan kullum ke ce mata, "Ki daina damun kanki, rigimar yara ce kawai, ƙila mafarki take yi." Muryar da ta raka ta asibiti, ta zauna kusa da ita ana duba kunnen yarinyar.

"Abba ƙarya kake," in ji Gimbiya a cikin kunnenta, tana dariya, amma dariyar ta fara rawa.

"Wallahi uwata. Ta kwashe kayanta."

Har da rantsuwa.

Ƙofar ciki, wadda ke hawa ofishin sama, ta buɗe da ƙarfi. Abban Gimbiya ya faɗo ɗakin riƙe da waya a sama, haƙora duk a waje. Tana gefen ƙofar, bai gan ta ba. Ta ɗaga soso ɗaya daga kunnenta.

"Baba! Auta! Ku huta, na kashe rigimar! Ba sai yamma ba, na saki ɗanɗanon bidiyon a intanet yanzun nan, duka biyun. Na ce jama'a su zaɓa da kansu, wurin wa yarinya za ta ruga, Alƙali ko Walƙiya. Ku ga yadda ake turawa! Har daga waje an fara..."

Wayar Auta ta ɗauki ƙara a aljihu. Ta Baba ta bi. Ta edita ta shiga zagaye a kan tebur.

Ba wanda ya taɓa tasa.

Sai a lokacin ya lura duk ɗakin bayansa ake kallo. Ya juyo a hankali. Ya ga matarsa. Ya ga allon, ya ga bayan rigarsa a durƙushe gaban 'yarsa. Hannun da ke riƙe da wayar ya sauko.

"Ma... Maman Gimbiya. Ba kya wurin aiki?"

Ta zare hedifon ɗin gaba ɗaya. Muryarsa na fita daga ciki, siririya, tana cewa ba za ta dawo ba, uwata, ba za ta dawo ba.

Ta miƙa masa.

"Karɓi," ta ce. "Tun ɗazu suke musun wanda ya fi. Zo ka ji wanda ya fi su duka iya wasa."